Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Masunci Tsakanin Yunwa da Doka

A garin Elmina da ke gaɓar tekun Gana, masunta sun gaji al'adar barin teku ya huta kowace Talata. Amma a cikin jikokin waɗanda suka kafa wannan al'ada akwai masu fita da dare da fitilu masu ƙarfi domin tara kifi, da masu jefa nakiya ko guba, da masu saka taru mai ƙananan idanu wanda ba ya barin ko 'ya'yan kifi. Duk waɗannan doka ta haramta su. Shin mu kira su ɓarayi ne, ko kuwa waɗanda larura ta tilasta?

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu dubi abin da ya kai su. Kifin da talaka ya dogara da shi ya ragu ƙwarai, kwalekwale kuwa sun yawaita. Manyan jiragen kamfanoni sun daɗe suna kwashe ƙananan kifin da ba rabonsu ba ne, suna daskarar da shi, suna sayar wa masu kwalekwale a tsakiyar teku, cinikin da ake kira saiko. A shekarar 2021 Tarayyar Turai ta sake yi wa Gana gargaɗi a kan sakaci da kamun kifi na haram. Ga shi kuma masunci kan ci bashin mai da na taru daga matan da ke yin banda, sai ya biya da kifi. Wanda ya dawo hannu rabbana kwana uku, ya ga maƙwabcinsa mai fitila ya cika kwalekwale, da wuya wa'azi ya shiga kunnensa.

Duk da haka, sanin dalili bai zama wanke laifi ba. Mai jefa nakiya ba kamfani yake cuta ba. Ɗansa yake yi wa sata, domin kifin da ya kashe tun bai yi ƙwai ba shi ne abincin baɗi.

A ganinmu, laifi yana da nauyi gwargwadon zaɓin da mutum yake da shi. Mai jirgi yana da zaɓi da yawa, hukuma ta fi shi, mai kwalekwale kuwa nasa kaɗan ne. Saboda haka, hukumar da ta ƙone tarun talaka ta kau da kai daga babban jirgi ita ma ta saka taru ne mai kama ƙanana ya saki manya. Idan muna son masunci ya koma ga kamun kan kakanninsa, sai mu fara tabbatar masa cewa kifin da ya bari yau ba wani ne zai kwashe shi gobe ba.