Nasihar Juma'a: Jikin Yaro Ma Amana Ne

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya ba mu jiki da hankali aro, kuma zai tambaye mu yadda muka yi da su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da iyalansa da sahabbansa. 

Makon jiya bayan sallar la'asar wani bawan Allah ya tsayar da mu a ƙofar masallaci, ransa a ɓace. Wai makaranta ta aiko masa da takarda, an sa ɗansa cikin masu gudu a gasar wasanni ta shekara, a sayi riga da takalmi. Ya ce: "Malam, ni boko na kai shi, ba guje-guje ba. In gudu yake so, ga shago can a Wuse, ya zo ya yi ta kai kaya." Aka yi dariya, amma maganar ba ta dariya ba ce, domin da yawanmu haka muke gani. Shi ya sa muka ware nasihar yau a kanta.

Mu fara da Littafin Allah. A Suratul Baƙara, aya ta 247, da Banu Isra'ila suka raina Ɗaluta saboda ba shi da dukiya, an nuna musu cewa Allah Ya fifita shi da abu biyu: yalwar ilimi da ƙarfin jiki. A Suratul Ƙasas, aya ta 26, ɗiyar dattijon Madyana ta ba mahaifinta shawara ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, hujjarta ita ce ƙarfinsa da amanarsa. Mu 'yan kasuwa mun fi kowa gane wannan. Wa zai ba malalaci makullin shago, ko da mai gaskiya ne? Wa zai ba ƙaƙƙarfa, in maha'inci ne?

Sunna kuwa cike take da misalai. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) ta wuce shi, bayan wasu shekaru suka sake, shi ya wuce ta. Buhari da Muslim sun kawo yadda ya shirya sukuwar dawaki a Madina, daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, kuma Abdullahi ɗan Umar yana cikin mahaya. Habashawa sun yi wasan masu a cikin masallacinsa ranar idi, bai hana su ba, har ya tsaya Nana A'isha ta yi kallo. Da Abdullahi ɗan Amru ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, sai aka tunatar da shi cewa jikinsa ma yana da hakki a kansa. To in ibada ba ta halatta wa mutum ya tauye jikinsa ba, ina ga jarabawar WAEC, ina ga ciniki?

A al'adarmu ma abin ba baƙo ba ne. Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san langa da kokawa a dandali bayan an cire amfanin gona. 'Yan'uwanmu na Nijar sun san yadda gari ke tsayawa cak lokacin kokawar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. Sardauna Ahmadu Bello, tun yana ɗalibi a Kwalejin Katsina, gwani ne a wasan Fives, ƙwallon nan da ake dukanta da tafin hannu a jikin bango, kuma wasan bai hana shi zama Firimiyan Arewa ba.

Mu dubi 'ya'yanmu na yau a nan Abuja. Mu da muke neman abinci a Maitama, wasu a ɗakin bayan gida suke zaune da iyali, wasu kullum daga Mpape ko Kubwa ko Dutsen Alhaji suke shigowa. Babu dandali, babu gona, babu kiwo, babu ɗebo ruwa a rafi. Yaro ya fito daga ɗaki ya shiga mota, ya zauna a aji tun safe har azahar, ya wuce lesin, ya wuce Islamiyya, ya dawo ya rungumi waya har tsakar dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kowace rana, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun haka. Ga yawancin 'ya'yanmu, filin makaranta shi kaɗai ne dandalin da ya rage. In muka rufe shi, me muka bar musu?

Ƙarfin samartaka kamar ruwan sama ne a kan kwano: in ba a yi masa indararo ba, bango zai ci. Ba mu manta ba, a watan Mayu na 2018 sai da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin saboda yadda ya cinye matasa, kuma garuruwanmu na asali ne aka fi ambata. Yanzu ga cacar ƙwallo ta shigo cikin waya, yaro yana kwance kusa da uwarsa yana caca ba ta sani ba. Yaron da ya yi atisaye ya haɗa gumi, isha'i na yi barci zai kwashe shi, asuba kuma ba sai an yi ta bugun ƙofa ba. Wanda yake son a sa shi a wasan Asabar ya san sigari da kwalba za su yanke masa numfashi.

Akwai kuma tarbiyyar da allo ba ya koyarwa. A fili yaro ke koyon zuwa a kan lokaci, da bin umarnin koci, da miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo maimakon ya ci shi kaɗai. A nan yake koyon shan kaye ba tare da zagi ba, da yin nasara ba tare da girman kai ba. Manzon Allah (SAW) ya karantar da mu cewa jarumin gaske shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, ba mai kayar da mutane ba. A ina yaro zai gwada wannan darasi, in ba ranar da aka taɗe shi alƙalin wasa bai hura usur ba? Sannan mu baƙi ne a garin nan. Ɗanmu da ya yi tseren miƙa sanda da ɗan Gbagyi da ɗan Ibo da ɗan Tibi ya samu abokan da gobe zai tarar a ofis da kasuwa.

Masu cewa wasa na raba yaro da addini, su dubi Hakeem Olajuwon. A makarantar sakandare a Legas ya fara ƙwallon kwando, ya tafi Jami'ar Houston a Amurka, ya ci kofin NBA a 1994 da 1995. A watan Fabrairu na 1995, yana azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata. Filin Moshood Abiola da aka gina don wasannin Afirka na 2003 yana nan cikin garinmu. 'Ya'yan wa muke so su shiga cikinsa, na wasu kawai?

Amma a ji mu da kyau, akwai iyaka. Na farko, salla ba ta jiran a tashi wasa; in la'asar ta yi, a tsaya a yi ta. Na biyu, a rufe al'aura. Wando mai sauka ƙasan gwiwa bai taɓa hana kowa gudu ba. Na uku, babu caca, babu laya, babu ƙwayar ƙara kuzari. Na huɗu, rage shekaru don a shiga gasar yara ƙarya ce kuma zalunci ne, uban da ya sa hannu a takardar yana da kamasho. Na biyar, karatu ne gaba. Cikin dubban masu buga ƙwallo ƙalilan ne ke zama Ahmed Musa, saboda haka duk wanda ya zo ya ce a kawo kuɗi zai fitar da yaro Turai, a yi hattara, an sha wanke iyaye ta wannan hanya.

'Ya'yanmu mata fa? Hajiyoyi, su ma jiki gare su, kuma su ne za su ɗauki ciki da goyo gobe. Tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da rufe kai, ta ƙwallon kwando ta biyo baya a 2017. Abin da ya kamace mu shi ne mu je makaranta mu nemi a ba su malama mace, da sutura ta mutunci, da lokacinsu daban. Wanda bai halarci taron iyaye da malamai ba, ba shi da bakin ƙorafi.

Ga abin da muke roƙo a wannan zango. Kowane uba ya tambayi makarantar ɗansa: ina filinku, wace rana ake wasa, wa ke kula da yara? Ranar gasa a bar wa yaron shago amana na awa biyu, a je a tsaya a bakin fili. Wallahi yaro ba ya manta ranar da ya waiwaya ya ga babansa. Masu hali su haɗa da takalmin maraya in za su saya wa nasu. Malaman Islamiyyarmu kuma mun roƙe su su yi sassauci ga ɗalibin da ya makara ranar atisaye, matuƙar ya kawo haddarsa. Shi kuwa ɗan'uwanmu mai takarda, mun rabu a kan zai sayi takalmin, da sharaɗin sakamakon jarabawa ba zai sauka ba. Madalla da wannan ciniki.

Ya Allah Ka ba 'ya'yanmu lafiyar jiki da hasken zuciya, Ka tsare su daga shaye-shaye da caca da miyagun abokai. Ka sa albarka a kasuwancinmu, Ka jiƙan iyayenmu, Ka zaunar da garuruwanmu lafiya. Amin. Juma'a mai albarka.