Araha Ba Ta Ado

A cikin adakar mahaifinmu a Mahuta akwai wata babbar riga ta saƙi da ta girme ni. Audugarta a gonarmu aka ciro ta. Kakarmu ce ta gurje ta, ta shiɓe, ta zauna da mazari tana kaɗi bayan sallar isha'i, tana dangwalar alli da yatsa don kada zare ya zame. Aka kai rabin zaren marina, masaƙi ya yi wadari ya fitar da sawaye, maɗinki ya harhaɗa, wani malami ya yi watanni yana zuba mata aska biyu a ƙirji. Baba ya ce damina biyu ta wuce kafin ya zura ta a wuya. Har yau da ita yake zuwa idi, kuma in ya fito sai an waiwaya.

Bara aka fitar da anko na bikin wata 'yar'uwarmu. Yadin yana sheƙi, kuɗinsa ba yawa, kowa ya saya. Wanki biyu ya zuba, a na uku ɗinkin hammata ya buɗe. Ƙanwata ta ɗago shi tana mita, Inna ta dube ta ta ce, "To 'yar nan, ba a gaya miki araha ba ta ado ba?"

Da yawa suna ɗaukar wannan karin magana a matsayin gorin mai kuɗi ga talaka. Ni ban fahimce ta haka ba. Bahaushe bai ce tsada ce ado ba, kuma mun sha ganin lalataccen yadi da aka tsuga wa kuɗi. Lissafi yake koyarwa, irin wanda kowane manomi a ƙasar Funtua da Malumfashi ya iya. In zai sayi bijimin huɗa ko garma, tambayarsa ita ce damina nawa za su yi masa. Ba ya murna don an sakar masa garma da arha alhali bakinta zai lanƙwashe a kunya ta goma. Abin mamaki, mutumin nan da ya shiga rumfar yadi sai lissafin ya ɓace masa. Rigar da aka sa sau uku ta mutu ta fi wadda aka biya ninki biyar aka yi shekara goma ana sawa tsada, sai dai tsadarta a ɓoye take zuwa, kaɗan-kaɗan, biki bayan biki.

Akwai kuma tambayar da ba mu cika yi ba: in kaya ya yi arha fiye da ƙima, wa ya cika ragowar kuɗin? A watan Afrilun 2013 wani bene mai suna Rana Plaza ya rufta a Bangladash, mutum sama da 1,100 suka mutu, akasarinsu maɗinka masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka kayan yayi a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Su ne suka cika.

Mu ma mun biya namu kason. Yankin nan cibiyar auduga ne tun zamanin Turawa, lokacin da kamfanin BCGA ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kaduna, wasu suka biyo baya, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, audugarmu ta sami gida kusa. Sannan rashin wuta da fasa-ƙwauri da yadin Sin mai arha suka taru suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya. UNTL, babbarsu, ta rufe a 2007. Masaƙar Funtua na cikin 'yan ƙalilan da suka yi ta fafutukar tsira. Yau a leƙa Kantin Kwari a Kano a ga inda aka saƙa yawancin abin da ke jibge. Gonakin da muka tashi muna gani fari fat da kaka sun koma masara da waken suya. Wannan abu yana ci mini rai, domin da kuɗin aljihunmu muka taya aka kashe kasuwar amfanin gonarmu.

Ba ina cewa kowa ya koma mazari ba ne. Magidanci mai 'ya'ya takwas da salla ta matso ba zai iya saƙar hannu ba, kuma ba wanda ya isa ya ga laifinsa in ya nufi 'yan gwanjo. Amma abin da mutanen Turai ke ta kira a kai yanzu, a sayi kaɗan mai inganci, a gyara, a daɗe ana sawa, shi ne tarbiyyar da muka taso a ciki. Rigar wa takan sauka kan ƙane. In ta yage tela ya sa maho, in ta koɗe a mayar da ita marina ta dawo sabuwa, kuma marinar Ƙofar Mata a Kano tana nan ba ta rufe ba. Zanen uwa ya tsufa ya zama majanyi, daga nan gammo, daga nan tsumma. Anko ne ya fi karya wannan tsari. Biki huɗu a shekara, ɗinki huɗu, kowanne ranarsa ɗaya tak, kuma wadda ba ta yi ba a bi ta da kallo. Iyaye mata da dattawan unguwa suna da bakin da za su rage wannan in sun so.

Da bazarar nan muna watsa taki a gona na ga wani ƙyalle ya maƙale a bakin shebur. Tsumman auduga in ya shiga juji gara da ruwan sama sukan gama da shi, ya koma ƙasa ya ciyar da shuka. Wannan kuwa na roba ne. Na kakkaɓe shi sai na gane zanen furen: ankon bara ne. Launin ya kusa tafiya gaba ɗaya, amma zaren yana nan daram, ko gara ba ta taɓa shi ba. Na cusa shi a aljihu don kada ya naɗe wa garma ranar huɗa.