Hayaƙin Maƙwabci da Shaidar Sikeli

A shekarun 1970, masu binciken tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono tsofaffin murhunan narka tama a Samaru, arewa da ganuwar Zazzau, waɗanda suka haura shekara dubu. Hayaƙin ƙarfe daɗaɗɗen maƙwabci ne a nan. Har gobe maƙerin cikin birni yana zuga gawayi, kuma in ya dami na kusa, ido da hanci sun isa shaida.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Unguwar Juma da Kona, bai bar wannan ba. Ibn al-Rami, wani magini a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukunce kan hayaƙin gidajen burodi da na wanka. Shi da kansa alƙalai sukan aika ya gano musu cutar kafin su yanke hukunci.

To, yau wa za a aika? Ƙurar da ta fi illa daga tanderun masana'antar ƙarfe ta fi silin gashi siranta kusan sau 30. Ido ba ya kama ta, amma tana ratsa huhu ta shiga jini. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicinta na shekara ya wuce maikurogiram 5 a kowace mita kubik ta iska.

Ɗan aiken alƙali yanzu injiniya ne. Yakan zura bututu cikin mafitar hayaƙi, ya zuƙo iskar ta cikin wata matata mai kama ƙura daidai da saurin da take fita, domin in ya gaza ko ya zarce, lissafin ya karkace. Sai ya ɗora matatar a sikeli, ya kwatanta da nauyinta na farko. Abin farin ciki, Zariya tana da kayan aikin gaba: na'urar nukiliya ta Cibiyar Binciken Makamashi, da aka kunna a 2004, tana iya tantance manganis da tutiya a cikin ƙura.

Shi ya sa awon nan ya zama amana, kuma gargaɗin Suratul Muɗaffifin ya hau kansa. Injiniyan da ya jira ranar da aka rage wuta sannan ya auna ya tauye mudu. Nasa ma ya fi na kasuwa muni, don mai sayen gero yakan sake awo a gida ya dawo da ƙorafi, yaron da ke tari a bayan katangar masana'anta kuwa bai ma san an yi awon ba.