Hukuncin Yaƙar Sauro da Kifi a Ƙasar Madarunfa

Tafkin Madarunfa, da ke kudu da birnin Maraɗi, wanda kaburburan waliyyai 99 suka kewaye shi bisa ruwayar mutanen garin, shi ne madogarar masunta, kuma a kewayensa ne masassarar cizon sauro kan tsananta kowace damina. Tunda sauro a ruwa yake yin ƙwai, tsutsarsa kuma a nan take girma kafin ta yi fiffike, an daɗe da tunanin zuba ƙananan kifaye masu cin tsutsar, wato yaƙar halitta mai cutarwa da wata halitta a maimakon feshin magani.

Kashe sauro ba shi da wani rikici wajen malaman fiƙihu, domin an halatta kawar da abin da ke cutar da mutum, kuma yin haka riƙo ne da sababi, wanda bai saɓa wa tawakkali ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗauko halitta daga muhallin da aka halicce ta a ciki a kai ta wani, saboda ƙa'idar da ta wajabta gusar da cutarwa ta kuma hana a gusar da ita da wata cutarwa makamanciyarta. Kifin gambusiya, ɗan asalin Amurka, wanda aka kai Hawai a 1905, daga baya aka watsa shi a Turai da Asiya, ya cinye tsutsar sauro, amma ya haɗa da ƙwai da 'ya'yan kifayen gida, har ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ta lissafa shi cikin baƙin halittu 100 mafi ɓarna. Zuba irinsa a tafkin da karfasa da tarwaɗa ke ciyar da gidaje zai zama taɓa haƙƙin masunta, alhali ƙananan karfasa su ma suna cin tsutsar.

Sannan maslaha, wato amfanin jama'a da malaman Malikiyya ke gina hukunci a kansa, sai ta tabbata kafin a dogara da ita. Sauron anofilis mai yaɗa masassara ya fi hayayyafa a ƙananan kududdufai da sawun shanu, inda kifi ba ya iya rayuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wannan dabara cikin shawarwarinta ba saboda ƙarancin hujja, saɓanin gidan sauro mai magani da rigakafin da ake ba yara a damina.