Su Wane Ne Masu Abin?

Shekara goma sha ɗaya mahaifina ya yi a ƙungiyar gama kai ta malaman makarantar da yake koyarwa. Duk wata akan yanki wani abu daga albashinsa. Idan azumi ya gabato sai a kawo mana shinkafa da sukari da man girki a farashin da ya gaza na kasuwa. Ban taɓa ganin ya halarci babban taron shekara ba. Takardar gayyata takan zo, ya ninke ta ya sa aljihu, ya ce, "Masu abin suna can." Shekarar da na shiga aji uku a jami'a, kaya ba su zo ba. Da aka buɗe littafin ma'aji sai aka tarar da giɓin da ya daɗe yana faɗaɗa. Mahaifina ya fi kowa fushi, ni kuwa tambaya ce ta tsaya mini a rai: su wane ne masu abin?

Amsar tana can a tushen wannan tsari. A 1844, a garin Rochdale na Ingila, mutum 28, da dama daga cikinsu masaƙa, suka gaji da algus da tauye mudu da 'yan kasuwa ke yi musu. Suka haɗa ɗan abin hannunsu, suka buɗe kanti a layin Toad Lane, suna sayar da fulawa da sukari da man shanu. Ƙa'idarsu ita ce kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan jarinsa, rarar kuɗi kuma a raba ta gwargwadon sayayyar kowa. Ke nan mai saye shi ne mai kanti. Ƙawancen ƙungiyoyin gama kai na duniya ya sake jaddada wannan iko na mambobi a taronsa na Manchester a 1995.

Idan haka ne, wanda ya ƙaurace wa taro bai zama ɗan ba-ruwanmu ba. Ƙuri'arsa ya miƙa wa 'yan kaɗan da suka zo, tare da makullin sito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai dai adalci ne in saurari uzurin mahaifina. Malamin da ya wuni da alli a hannu, gajiya gare shi. Rahoton kuɗi da turancin akawu ake karanta shi, cikin gaggawa. Abin da ya fi nauyi kuma shi ne kunya: ma'ajin dattijo ne, tare ake suna da jana'iza, kuma a wurinmu tambayar babba lissafi kamar zarginsa ne. Wannan uzuri na gaske ne, kuma yana ɗora wa shugabanni alhakin yin bayani da harshen da kowa zai gane.

Duk da haka ban yarda ya wanke mamba ba. Bin diddigi kariya ne ga mai gaskiya, kuma taimako ne ga mai rauni. Da an tambayi ma'ajin nan tun shekarar farko, wataƙila da yau yana nan da mutuncinsa. Kunyar da aka ji masa ita ta bar shi shi kaɗai da kuɗin jama'a shekara da shekaru. Laifin cin amana nasa ne, amma shirun na kowa ne.

A taron da ya biyo baya na raka mahaifina. Ya zauna a sahun baya, har aka kusa tashi bai ce uffan ba. Can ya ɗaga hannu, muryarsa na ɗan rawa, ya nemi a maimaita adadin buhunan da suka rage a sito, a hankali, da Hausa. Aka maimaita. Mutum uku suka ɗaga hannu bayansa.