SHIN LAIFIN UBA YANA HAWA KAN ƊA?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya haramta wa kanSa zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan uwa Musulmi, babu wani daga cikinmu a Tasawa ko Mayahi da ya manta da damanar shekarar 2023. Sojoji sun kifar da gwamnati a Yamai ranar 26 ga Yuli. Bayan kwana huɗu shugabannin ƙungiyar CEDEAO suka taru a Abuja suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi: aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar lantarki, hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta tsaya. Mai wake da mai dabbobi suka rasa kasuwarsu ta kudu, abinci da magani suka yi tsada. A cikin wannan hukunci akwai wani sashe da ya kamata mu tsaya a kansa. An hana sojojin da suka yi juyin mulki tafiye-tafiye, an ce a riƙe dukiyarsu, sa'annan aka ƙara da cewa hukuncin ya haɗa da iyalansu. Tambayarmu ita ce: da wane dalili ake hukunta matar mutum ko ɗansa kan aikin da ba su aikata ba? Kuma wanda aka hukunta haka, ina zai kai kukansa?

Masu wannan tsari suna da hujjarsu, kuma adalci ne mu faɗe ta. Suna cewa mai mulki yakan ɓoye dukiyarsa da sunan matarsa ko ƙanensa, don haka in an bar iyali, hukuncin ya tashi a banza. Wannan yana faruwa. Amma maganinsa shi ne a kawo shaida cewa wane ya riƙe wa wane dukiya. Idan shaida ta tabbata, to an kama shi da aikin hannunsa. Idan babu shaida, to jininsa kawai aka kama.

Musulunci ya daɗe da yanke wannan magana. Alƙur'ani ya maimaita a surori da dama cewa kowane mutum nauyin kansa yake ɗauka. A cikin Suratu Yusuf, lokacin da aka sami ma'aunin sarki a kayan ƙaramin ɗan'uwa, sauran suka roƙi a riƙe ɗayansu a madadinsa. Annabi Yusuf (AS) ya ƙi, ya nuna cewa riƙe wanda ba a sami kaya a wurinsa ba zalunci ne. Mu tuna kuma da abin da Ƙuraishawa suka yi a Makka. Sun rubuta takarda suka rataye a Ka'aba cewa babu ciniki babu aure tsakaninsu da Banu Hashim da Banu Muɗɗalib, Musulminsu da wanda bai musulunta ba. Kusan shekara uku suna tsare a kwarin Abu Ɗalib, har ana jin kukan yara saboda yunwa. Waɗanda suka tashi suka warware wannan takarda, irin su Hishamu ɗan Amru da Muɗ'imu ɗan Adiyyu, a lokacin ba Musulmi ba ne. Hankali mai lafiya da kansa yana ƙin a azabtar da yaro don a lanƙwasa ubansa.

A zamaninmu ma wasu kotuna sun kai ga wannan gaskiya. A shekarar 2012 kotun Tarayyar Turai ta soke takunkumin da aka sa wa ɗan wani attajirin ƙasar Bama, ta ce zama ɗan wane bai isa hujja ba. A watan Maris na 2023 wata kotun ta Tarayyar ta yanke irin wannan hukunci game da mahaifiyar shugaban sojojin hayar Wagner na Rasha. Waɗannan sun sami ƙofar da za su ƙwanƙwasa, aka saurare su.

Mu fa? Gwamnatin Nijar tare da wasu masu ƙara bakwai sun je kotun CEDEAO da ke Abuja suna neman a dakatar da takunkumin. Ranar 7 ga Disamba 2023 kotun ta ƙi. Ta ce gwamnatin da ta hau ba bisa tsarin mulki ba ba ta da hurumin tsayawa gabanta, sauran kuma ba su bayyana cutar da ta sami kowannensu dalla-dalla ba. Ko mene ne ra'ayin mutum game da juyin mulki, ya dubi inda wannan ya bar talaka. Mai jego a ƙauyen Mayahi da ta rasa magani ba ta yi juyin mulki ba, ba ta da lauya, ba ta ma san hanyar Abuja ba. Sai ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage mafi yawan takunkumin, da shawarar shugabanni, ba da hukuncin alƙali ba.

Amma ma'aunin Allah ɗaya ne, ba ya karkata don son zuciyarmu. A cikin wannan rikici an tsare hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum tare da matarsa da ɗansa. Ita wannan kotu ta Abuja ta ba da umurnin a sake su ranar 15 ga Disamba 2023, ɗan kuma bai fita ba sai a watan Janairu 2024. Wanda ya ce zalunci ne a hukunta iyalan soja saboda soja, wajibi ne ya faɗi haka game da iyalan wanda aka kifar. In ba haka ba, to ɓangarensa yake karewa, ba gaskiya ba.

Sa'annan mu dawo gida mu dubi kanmu. Sau nawa ake riƙe tsoho a ce ba za a sake shi ba sai ɗansa da ya gudu ya dawo? Sau nawa ake hana yarinya miji saboda wanta ya taɓa sata? Sau nawa, in shanu suka shiga gona a bakin Gulbin Kaba, ake huce haushi kan duk wani makiyayi da aka tarar, alhali mai ɓarnar ya yi nisa? Wannan shi ne takunkumin da muke ƙaƙaba wa junanmu, kuma babu kotun da ake ɗaukaka ƙararsa. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Ba su ce bakin ɗansa ba.

Saboda haka muna kira ga sarakuna da limamai da masu unguwanni, duk wanda aka kawo wa ƙara: ya tambayi abin da mutum ya aikata da hannunsa, ya nemi shaida daga mai tuhuma, ya saurari wanda ake tuhuma kafin ya yanke. Wanda ya kiyaye waɗannan uku a zaurensa, shi ne yake da bakin neman su daga manyan ƙasashe.

Allah Ya tsare mu daga yin zalunci da kuma a zalunce mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.