Tukunyar da Ta Tsage a Wuta: Wa Zai Ɗauki Laifi?

A ajin koyon ginin tukwane, ranar buɗe murhu ranar faɗuwar gaba ce. Ga yarinyar da ba ta taɓa fashin aji ba, ta ƙwaɓa yumɓunta da kyau, ta share wurin aikinta, amma tukunyarta ta fito a tsage. Ga kuma wanda ya yi aikinsa a gurguje, tasa ta fito garau. Malami na riƙe da biro: wa ya cancanci babban maki?

Tambayar ta fi tsanani a nan saboda yumɓu ba ya bin umarni kamar takarda. Yana tsukewa idan yana bushewa, ya ƙara tsukewa a wuta. Idan da sauran laima a cikinsa kuma aka ɗaga zafi da gaggawa, ruwan ya zama tururi ya fasa tukunyar, har ɓaraguzanta su lalata na kusa da ita. Kuma a makaranta malami ne yake jera kaya a murhu, shi yake kula da wuta. Ashe wani kaso na sakamakon bai taɓa zama a hannun ɗalibi ba.

Masana falsafa sun san wannan ƙulli. A 1976 Bernard Williams da Thomas Nagel suka yi muhawara kan rawar da sa'a ke takawa a yabo da zargi. Misalin Nagel shi ne direban da ya yi sakaci da gyaran birki: idan yaro ya faɗo titi ya kaɗe shi, sai a ɗora masa babban laifi, idan kuwa babu yaron, da wuya kowa ya tanka, alhali sakacin ɗaya ne.

Musulunci ya ba da ma'auni mai kyau. A hadisin Amru ɗan Asi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, alƙalin da ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, wanda ya yi ijtihadi ya kuskure yana da ɗaya. Ƙoƙari bai tashi a banza ba, dacewa kuma ba a raina ta ba. Malamai sun ƙara bayani cewa ladan na wanda ya san aikin ne kuma ya yi iya yinsa. Mai yanke hukunci da ka ba ya ciki. Haka ya kamata malamin tukwane ya duba tsaga. In ta fito daga yumɓun da aka ƙi ƙwaɓawa sosai, ko gindin da aka bari ya yi kauri fiye da kima, ɗalibi ne zai amsa. In daga wutar da aka hura da garaje ne, to ba shi da hannu.

Sai dai kafin a auna, wane ma'auni aka ɗauko? Tarihin maginiyar tukwane Ladi Kwali ya nuna nauyin wannan tambaya. Ta koyi gini a hannun 'yar'uwar ɗaya daga cikin iyayenta a Kwali, ƙasar Gwari, inda ake gina randa da hannu a gasa ta a buɗaɗɗiyar wuta. A can randa mai kyau ita ce mai riƙe ruwa tana sanyaya shi, mai saye kuma yakan ƙwanƙwasa ta ya ji amonta. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta, a wurinsa Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar horon da Cardew ya kafa a Abuja, wato Suleja ta yau, ta zama mace ta farko a wurin. Ta ci gaba da zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin randunanta, amma yanzu ana shafa musu ruwan ƙyalli, a gasa su a zafin da ya haura digiri 1,200. Suka yi nauyi, suka daina tsatsafar da ruwa, don haka suka daina sanyaya shi. A ma'aunin ƙauye sun gaza. A ma'aunin masu baje koli na Landan sun kai ƙololuwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20.

Saboda haka adalci yana farawa tun ranar farko ta zango. Malami ya faɗa wa ɗalibai ko tukunyar amfani yake nema ko ta ado. Ya bayyana makin da ya ware wa ƙwaɓa yumɓu, da daidaita kaurin bango, da tsabtace kayan aiki, da kula da aikin abokan aji, da kuma kyan abin da ya fito.

Wasu za su ce kasuwa ba ta sayen ƙoƙari, tsagaggiyar tukunya ba ta da mai saye. Gaskiya ne, shi ya sa ba za a ba tsagaggiya cikakken maki ba. Amma aji wurin koyo ne, kuma yaron da aka kayar saboda wutar da bai hura ba zai daina gwada sabon abu.

Kira ga malamai da shugabannin makarantu shi ne a duba kowace tukunya a ba ta maki tun tana ɗanya, kafin ta shiga murhu, a rubuta a ajiye. Bayan gashi a ƙara abin da ya dace, kuma a ba wanda tasa ta fashe ba da laifinsa ba damar sake ginawa.